Filin Tambaya da Amsa: Idan Na'urar Zanen Yatsa Ta Yi wa Arduino Gardama

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu guda suka taru: 'yar na'urar nan mai gilashi da fitila da ake ɗora wa yatsa, wadda ɗalibai ke haɗawa da allon Arduino ko ESP32, wato ƙananan allunan kwamfuta da ake ɗora wa kod, don ɗaukar sunayen mahalarta ko buɗe ƙofa. Mun zaɓi shida daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na sayi na'urar zanen yatsa ƙirar R307 a Sabon Gari, na haɗa ta da Arduino Uno kamar yadda na gani a bidiyo, launin waya da launin waya. Na ɗora misalin enroll, wato kod ɗin rajistar yatsa, na laburaren Adafruit, amma Serial Monitor ba ya cewa komai sai "Did not find fingerprint sensor". Fitilarta tana walƙawa in na ba ta wuta. Ta mutu ne in sayi wata?
Wani ɗalibi daga Kabuga

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna, kada a bar jaki ana dukan taiki. Wannan saƙon ba ya nufin na'urar ta mutu. Abin da yake nufi shi ne Arduino ya aika mata gaisuwa, wato umarnin verifyPassword, ya saurara, bai ji amsar da ya gane ba. Ko dai gaisuwar ba ta isa ba, ko amsar ta ɓata a hanya, ko kuma gudun maganarsu bai zo ɗaya ba. Walƙiyar fitila kuwa shaida ce kawai cewa wuta tana shiga.

Maganar da ta fi ɗaukar hankalinmu a wasiƙarka ita ce "launin waya da launin waya". Masu ƙera waɗannan na'urori ba su yi ittifaƙi a kan launi ba. Koriyar wayar da ta zama TX a bidiyon wani, a taka tana iya zama rawaya ko ma ba ta cikin jerin. Bi tsarin ƙafafun da ke jikin soket ɗin, ba launi ba. A R307 mai ƙafa shida, ta farko ita ce 5V, ta biyu GND (negetif), ta uku TXD, ta huɗu RXD. Biyun ƙarshe na sanin an taɓa gilashi ne, ba ka buƙatarsu yanzu, ka naɗe bakinsu da salatif. A kula, AS608 mai ƙafa takwas, wadda a ido kamar tagwaye suke da R307, tsarinta daban ne: wuta, TX, RX, sannan GND a ta huɗu, kuma 3.3V take ci, ba 5V ba. Wanda ya bi tsarin wannan a kan waccan, shi ne zai ji ƙauri. Don haka juya na'urarka ka karanta rubutun da ke bayanta kafin komai, domin wani lokaci sunan da aka faɗa maka a shago ba shi ne a jikinta ba.

Na biyu, TX da RX a giciye suke haɗuwa. TX baki ne, RX kunne ne. Bakin na'ura zai shiga kunnen Arduino, bakin Arduino ya shiga kunnen na'ura. A misalin Adafruit akwai layin da ke cewa SoftwareSerial mySerial(2, 3). Lambar farko kunnen Arduino ce, ta biyu bakinsa. Ke nan TXD na na'ura zai tafi ƙafa ta 2, RXD kuma ƙafa ta 3. In kana kokwanto, cire wuta, musanya waɗannan biyun kaɗai, ka sake gwadawa. Wayoyin wuta da GND kam ba a gwajin sa'a da su. Yana da kyau ka sa razista 1k a jere a kan wayar da ta fito daga ƙafa ta 3, don ko da baki ya haɗu da baki ta rage ɓarnar. Mai AS608 kuma ya ƙara razista 2k daga ƙafar RX ta na'urar zuwa GND. Biyun nan za su sauke 5V ɗin da Uno ke magana da shi zuwa kusan 3.3V.

Sai wani abu da ba a cika zarginsa ba, alhali ya fi kowa laifi. Wayoyin da ke zuwa da na'urar sirara ne ƙwarai, silin da ke ciki kamar gashi. In ka murɗa su ka cusa a ramin allon gwaji, za ka ga kamar sun zauna, amma ba su kama ba. Ka liƙa kowacce da dalma a kan ƙafar ƙarfe ko a kan guntun wayar jona mai tsinin baki. In ba ka da abin dalma, duk mai gyaran waya a Farm Centre zai yi maka cikin minti biyar. Bayan nan ɗauki mita, ka auna tsakanin ƙafa ta ɗaya da ta biyu a jikin na'urar kanta, ba a jikin Arduino ba. R307 tana son tsakanin 4.2V da 6V. Sannan ka auna TXD da GND: layin da ke zaune shiru yakan nuna kusan 3.3V. In ka ga sifili a nan alhali wuta tana shiga daidai, to fa an fara samun dalilin zargin na'urar.

Gudun magana: daga masana'anta a kan 57600 suke fitowa, shi ya sa kod ɗin ke cewa finger.begin(57600). Kada ka rikita shi da 9600 na Serial.begin, wannan tsakanin Arduino da kwamfutarka ne, kuma shi za ka zaɓa a ƙasan Serial Monitor. In na'urar ta taɓa ratsawa ta hannun wani, mai yiwuwa ya canza mata gudu, kuma ba ta mantawa ko an cire wuta. Gwada 9600, 19200, 38400 da 115200 ɗaya bayan ɗaya. Sai dai SoftwareSerial a kan Uno ba abin dogaro ba ne a 115200, wannan gwajin ya fi kyau a yi shi da kwamfuta kai tsaye.

Ga yadda ake yi, kuma shi ne gwajin da ke raba gardama. Nemi ɗan adaftan USB zuwa TTL, mai CH340 ko CP2102, ka haɗa na'urar da shi a giciye kamar ɗazu, ka cire Arduino daga lissafi gaba ɗaya. Buɗe manhajar SFGDemo a Windows, zaɓi COM ɗin da ya bayyana. In ta buɗe har ta nuna maka hoton yatsanka, na'ura lafiyarta ƙalau, koma kan haɗinka. In ka bi duk gudun nan biyar da wayoyi masu dalma ba ta ce uffan ba, a lokacin ne za ka yi maganar sayen wata.

Tambaya: Malam, haɗina yana aiki sumul a Uno. Na mayar da shi kan Arduino Mega saboda ƙafafu sun yi mini kaɗan, kod ɗaya, ƙafa ɗaya, ya ƙi. Abokina ma ya gwada a ESP32 bai yi ba.
Mai karatu daga Fagge

Amsa: A Mega, ƙafa ta 2 ba ta iya zama kunnen SoftwareSerial, ƙafafu ƙalilan ne ke iyawa, irin su 10 zuwa 13. Amma me zai kai ka can? Mega na da tashoshin magana na gaske har huɗu. Sa TX na na'ura a ƙafa ta 19, RX a ta 18, ka ba laburaren &Serial1. A ESP32 kuma Serial2 ake amfani da shi, kuma abokinka ya rubuta ƙafafun ƙarara: Serial2.begin(57600, SERIAL_8N1, 16, 17), domin ƙafafun da ake ɗauka in ba a faɗa ba sun bambanta tsakanin tsohon tsarin ESP32 na Arduino da sabo. In allonsa mai WROVER ne, 16 da 17 suna hannun ƙarin memorin da ke ciki, ya zaɓi wasu, misali 25 da 26. ESP32 da 3.3V yake magana, ba ya buƙatar razistocin da muka ambata a sama. Masu Uno kuma su guji ƙafa ta 0 da ta 1: hanyar USB ce, in na'ura na kai ɗora kod ma zai gagara.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena ya haɗa mana na'urar ɗaukar zuwan malamai a Islamiyyarmu. Da damina ba mu da matsala. Tunda sanyi ya shigo sai mutum ya ɗora yatsa sau biyar, sau shida. Malamai mata da wani dattijo mai gadi su suka fi shan wahala. Har an fara cewa a koma rajistar takarda.
Wata malama daga Gwammaja

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri. Na'urarku ba ta lalace ba, hunturu ne ya taɓa yatsun. In kin san yadda take gani, sauran bayanin zai zo da sauƙi. A ƙarƙashin gilashin akwai fitila da 'yar kyamara. Inda tudun zanen yatsa ya manne da gilashi, haske yakan watse, inda kwarin zanen yake kuma iska ce a tsakani, haske ya koma yadda ya zo. Bambancin nan shi ne hoton. Abin da ke sa fata ta manne kuwa ɗan danshi ne da maiƙon jiki. Busasshen yatsa yana taɓa gilashin a wasu wurare ne kawai, sai zanen ya fito a tsintsinke, na'ura ta rasa inda layi ya ƙare da inda ya rabu biyu, alhali waɗannan wuraren su take haddacewa, ba hoton gaba ɗaya ba.

Maganin nan take ba ya cin ko sisi. Mutum ya hura wa yatsansa iskar baki sau biyu, ko ya goga shi a goshi ko gefen hanci, sannan ya ɗora. Man shafawa kaɗan da ya riga ya shiga fata yana taimakawa, amma wanda ya lafta basilin ya zo ya dangwala, ya cike kwarin zanen, ya kuma bar wa na bayansa gilashi mai maiƙo. Haka wanda ya fito daga alwala hannu na ɗiga: ruwa ya cike ko'ina, hoto ya zama baƙi ƙirin. Ya tsane tukuna. A ɗora tsokar yatsa a kwance, ba tsininsa ba, a danna kaɗan, a tsaya cak har ta amsa.

Ki ce wa ƙanenki ya jona kwamfuta ya karanta abin da na'urar ke cewa a kan kowane mutum, don saƙonnin ba ɗaya ba ne. "No finger detected" alhali yatsa na kai, bushewa ce ta kai maƙura. "Image too messy" yawanci jiƙa ce, ko datti, ko motsi. "Could not find fingerprint features" na nufin an sami hoto amma zanen bai isa a yi aiki da shi ba. "Did not find a match" kuwa hoto ya yi kyau, sai dai bai yi kama da wanda aka ajiye ba, kuma a nan laifin rajistar farko ne. "Communication error" shi kaɗai ne ba ruwansa da yatsa, na waya ne ko wuta.

Game da malamai mata, muna zargin abu biyu: lalle da wanki. Lalle mai duhu a kan tsokar yatsa yana rage bambancin da kyamarar ke nema, shi ya sa hukumar JAMB ma take gargaɗin masu rajista a kansa. Omo da ruwa kullum kuma suna sa fata ta yi sulɓi ta tsattsage. Dattijo mai gadi kuwa shekaru ne da aikin hannu, zanen yakan shafe, kamar yadda ake gani wajen magina masu taɓa siminti. Ba ƙananan na'urori kaɗai abin ke kayarwa ba: a zaɓen 2015 na'urar tantance masu zaɓe ta yi ta gardama da yatsan shugaban ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, a mazaɓarsa ta Otuoke.

Gyara mai ɗorewa shi ne a sake rajista yanzu, cikin sanyin, ba tare da an goge ta damina ba. Kowane malami a ba shi gurbi uku ko huɗu: babban yatsan dama sau biyu, ɗaya a miƙe ɗaya a ɗan karkace, sannan wani yatsa daga hannun hagu, wanda aiki bai cika cinye shi ba. Ga masu wanki da dattawa, yatsan tsakiya ko na zobe ya fi manuni tsira. A kod sai a ce gurbi na 10 zuwa 13, misali, duk na mutum ɗaya ne. R307 na ɗaukar zane har 1000, ba za ku cika ta ba. Lokacin rajista na'ura na neman yatsa sau biyu ta gwama su, kuma dole a ɗaga shi gaba ɗaya a tsakani. In an yi ta samun "Fingerprints did not match", an canza zaman yatsan ne da yawa tsakanin na farko da na biyu.

Akwai kuma matakin tsanani, daga 1 zuwa 5, wanda ke zuwa a kan 3. Da setSecurityLevel ana iya sauke shi zuwa 2, ta rage ƙin mutanenta. Farashin hakan shi ne ta ɗan fi saurin karɓar wanda ba shi ba. Don rajistar zuwa aiki mun yarda da wannan ciniki, don ƙofar ɗakin ajiya ba mu yarda ba. A duba ko ledar da ke zuwa manne da gilashin tana nan, a ɓare ta. Ƙurar hunturu a share ta kullum da tsumma mai laushi, kada a kusanto da fetur ko tina. In kuma a baranda aka kafa ta inda rana ke dukan gilashin, a yi mata 'yar rumfa, hasken waje yana shiga ta gefen yatsa ya wanke hoton.

Tambaya: Injiniya, na sa wa ƙofar ofishina sakatar lantarki mai 12V da rile, wato makunnin da allo ke sarrafawa. Yatsa na karantuwa, amma da sakatar ta ja sai komai ya mutu ya sake tashi, wani lokacin kuma na'urar ta daina amsawa sai na zare wuta. Adafta ɗaya ce 12V 1A ke ciyar da duka ta ramin Arduino.
Wani Alhaji daga Kantin Kwari

Amsa: Ranka ya daɗe, wuta ce, ta fuska uku. Irin wannan sakatar ita kaɗai tana iya jan rabin amfiya zuwa sama da amfiya ɗaya a lokacin da ta fizga, ka ga adaftar ta ƙare a kanta. Ƙarfin wuta ya faɗi na ɗan ƙiftawar ido, Arduino ya farfaɗo daga farko. Da ESP32 ne ma da ya rubuta maka "Brownout detector was triggered". A nemi adafta 12V mai 2A ko 3A.

Fuska ta biyu, sakatar naɗin waya ce, kuma duk naɗin waya in aka yanke masa wuta yakan mayar da harbi mai ƙarfin da ya ninka wanda aka ba shi. Wannan harbin ne ke rikitar da maganar da ke tsakanin allo da na'ura har ta yi shiru. A sa dayod 1N4007 a kan wayoyin sakatar biyu, kusa da ita sosai, ɓangaren da ke da zobe yana kallon fozitif. In aka juya shi, gajeriyar hanya aka yi wa wuta, zai ƙone nan take.

Ta uku, 12V ta ramin Uno na nufin ɗan regiletan da ke kan allon shi zai ƙone 7V ya mayar da shi zafi. In allo da na'ura da rile da allon rubutu suna jan 200mA, wat 1.4 ke nan a kan abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, cikin rufaffen akwati, a zafin Kano na watan Afrilu. Yakan kashe kansa ya huce ya dawo. A sa LM2596, ɗan allon sauke ƙarfin wuta, a tsakani, a murɗa shi da mita har ya nuna 5V kafin a jona komai, a ciyar da allo da na'ura da rile daga nan. Wayar sakata ta tashi kai tsaye daga adafta, kada ta bi ta allon gwaji, amma GND na kowa ya haɗu wuri guda. A ƙara kafasita 470µF zuwa 1000µF a layin 5V, da ƙarama mai lamba 104 a gindin na'urar. Wayar TX da RX kada ta wuce mita ɗaya, kada kuma a ɗaure ta tare da ta sakata. A kod, sakan uku zuwa biyar ya isa a riƙe sakatar, in ta daɗe a ja tana zafi.

Tunda ƙofar dukiya ce, Alhaji, gilashin kaɗai ya kamata ya leƙo waje. Allo da rile da wayoyin sakata duk su kasance ciki, don wanda ya kai hannu ga rile ba ya buƙatar yatsan kowa. Kuma a bar makullin hannu, a ƙara batir 12V 7Ah irin na UPS, saboda ranar da aka ɗauke wuta kana waje.

Tambaya: Na gwada misalin changepassword don in ga yadda yake. Tun daga nan ba a ganin na'urar.
Ɗalibi daga Hotoro

Amsa: Ka canza mata lambar sirri daga sifili, ita kuma ta riƙe. Buɗe kod ɗin da ka ɗora, ka ga lambar da ke cikin setPassword, ka ba da ita a matsayin abu na biyu: Adafruit_Fingerprint(&mySerial, 1337), in 1337 ɗin da ke cikin misalan laburaren ka bari. In ta amsa, mayar da ita sifili da setPassword(0). In taka ka sa, rubuta ta sak yadda ka rubuta a farko: 1234 daban take da 0x1234, wadda ita ce 4660, kuma 0123 mai sifili a gaba kwamfuta 83 take karanta ta. Kada ka sa ran canka: lambobin sun haura biliyan 4, ko ana gwada 100 a sakan sai an shekara ba a gama ba.

Tambaya: Malam, tambaya biyu. Da na ƙara allon OLED da katin SD a Uno sai na'urar ta fara aiki yau gobe ta ƙi. Sannan na yi wa mutum rajista a lamba 300, sai wani ma'aikacin ya daina shiga.
Wata ɗaliba daga Rijiyar Zaki

Amsa: 'Yar'uwa, ta farko cunkoso ne. Memorin aiki na Uno bayit 2048 ne kacal. OLED mai 128 da 64 a laburaren Adafruit yana kwashe 1024, katin SD ya ɗauki 512 ko fiye, duk rubutun da ke cikin Serial.print shi ma a nan yake zama. Abin da ya rage bai isa ba, sai bayanai su hau kan juna, kuma ba saƙon da zai gaya miki. Kada lissafin da Arduino IDE ke nunawa bayan haɗa kod ya ruɗe ki, rabon OLED ba ya ciki, sai allo ya tashi ake yankarsa. Ki naɗe kowane rubutu da F(), kamar Serial.println(F("Sa yatsa")), ki koma laburaren da ba ya ajiye hoton allo gaba ɗaya, irin U8x8, ko ki yi amfani da LCD 16x2. In har da SD da agogon DS3231 za a tafi, gara Mega mai bayit 8192 ko ESP32.

Ta biyu kuma tarko ne da ke cikin misalin enroll. An rubuta id a matsayin uint8_t, wanda ba ya wuce 255. Da kika shigar da 300 sai ya zagayo ya zama 44, na'ura kuma ba ta tambaya kafin ta rubuta a kan gurbin da ke da mai shi. Duba rajistarki, wanda ya daina shiga shi ne mai lamba 44. Canza id da aikin readnumber duka zuwa uint16_t, ki sa kod ya kira loadModel(id) kafin ajiya, in ya dawo da FINGERPRINT_OK to akwai mutum a gurbin, ya ƙi rubutawa. Ki kira getParameters ki buga finger.capacity don ki san iyakar taki na'urar, in kin wuce ta za ki ga "Could not store in that location". Mai lamba 44 kuma sai ya dawo a sake ɗaukar yatsansa, zanensa na farko ya tafi.